Jar ƙasa mai tsami: tana riƙe ƙarafa masu guba ko tana sakin su?

Ɗalibar Noma:
Assalamu alaikum. Malamai, wani abu ya ɗaure mini kai game da ƙasar yankuna masu zafi da yawan ruwan sama. An koya mana cewa kawolinait, yumɓun da ya fi yawa a cikinta, ƙarfinsa na riƙe ƙarafa yana tsakanin 3 zuwa 15 cmol (ma'aunin wannan ƙarfi) a kowane kilo, alhali na simektait, wani nau'in yumɓu, yana haura 80. To me ya sa dalma take zama a saman irin wannan ƙasa shekara da shekaru, kamar a Kabwe ta Zambiya, inda aka rufe mahaƙar dalma tun 1994?

Malamin Kimiyyar Ƙasa:
Wa alaikumus salam, Malama. Yumɓu kaɗai kika duba, alhali babban aikin yana hannun sinadaran da suka ba ƙasar launinta, wato tsatsar ƙarfe ta hematait da gotait, da kuma gibsait na alminiyam, waɗanda suke saura bayan ruwan sama ya daɗe yana wanke sauran. Cajin lantarkin da ke jikinsu, wanda yake riƙe ƙarafa, ba tsayayye ba ne, yana bin pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan tsami ya ƙaru: idan tsami ya ƙaru sai wuraren riƙo su ragu, idan ya ragu sai su ƙaru.

Kuma ba duk ƙarafa ne halinsu ɗaya ba. Dalma da jan ƙarfe suna ƙulla haɗi kai tsaye da fuskar tsatsar da ruɓaɓɓen tsiro, shi ya sa suke makalewa a sama ko da ƙasar tana da ɗan tsami. Kadmiyam da tutiya kuwa riƙonsu sako-sako ne, da zarar pH ya sauka ƙasa da 5.5 sai su narke, su bi ruwa ko su shiga saiwa. Dalmar da ta makale ma ba ta daina cutarwa ba, domin ita ce yara suke shaƙa a ƙura, suke kaiwa baki da hannu. A Kabwe ɗin kuma, tarin sharar mahaƙar yana ci gaba da zubo sabuwar ƙura.

Mai Binciken Fadama:
Na gamsu da bayanin Malam, sai dai ya kamata a saka ruwa a lissafi. Idan ruwa ya kwanta a gona har iska ta ƙare a cikin ƙasa, ƙananan halittu irin su bakteriya suna narkar da tsatsar nan, duk abin da ta riƙe kuma ya kuɓuta. Ta haka asenik yake shiga shinkafa a Bangaladash. Kadmiyam kuwa a wannan hali yakan haɗu da sulfa ya daskare, sai an janye ruwa ya sake narkewa. Ke nan matakin da ya rage ɗaya yana iya ƙara ɗayan, kuma wannan yana damuna ƙwarai idan na ga an ba manomi shawara bayan auna ƙarfe guda kawai.

Ɗalibar Noma:
Na gode ƙwarai. Malam, zuba farar ƙasa mai rage tsami (laim) zai wadatar ke nan a gonar tudu?

Malamin Kimiyyar Ƙasa:
Yana taimakawa sosai ga kadmiyam da tutiya da dalma, amma ƙarfen yana nan, bai fita ba. Ruwan sama da takin yuriya suna dawo da tsami sannu a hankali, dole a riƙa auna pH ana maimaitawa. Asenik kuwa cajinsa kishiyar nasu ne, ɗaga pH yana iya sassauta riƙonsa. Haka takin fosfet yake ɗaure dalma, amma yana ture asenik daga mazauninsa, wani ma yana zuwa da nasa kadmiyam daga dutsen da aka haƙo shi. Shawarata, ki fara tantance ƙarfen da ke gonar, sannan ki nemi a auna kason da tsiro zai iya sha, ba jimillar da ke cikin ƙasa kaɗai ba.