Muhawarar zauren unguwa: wa zai kwashe sharar 'yan jami'a?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Yau dai haƙurina ya ƙare. Ruwan daren jiya har tsakar gida ya shigo mana, saboda kwalbatin bakin layi ta toshe da ledojin fiya wata da robobin lemo. Da asuba ni da yara muka yi ta kwalfe ruwa da bokiti. Jami'a tana ɗibar ɗalibai kowace shekara, ɗakunan kwananta ba su isa ba, sai ta turo mana baƙi cikin unguwa. Shara ta ninka, haya ta tashi, taransifoma kullum a ƙone. Ni a ganina wajibi ne jami'ar tarayya ta riƙa ba ƙaramar hukumar da take zaune a cikinta wani kaso, a kwashe shara a yashe magudanai.

Ɗalibar Shari'a: Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya kiyaye gaba. Amma don Allah su waye baƙin?

Ɗan Layin Masallaci: Ku mana. Akwai wanda aka yanke wa cibiya a nan a cikinku?

Ɗalibar Shari'a: Shekarata ta huɗu ke nan a layin nan. Ina biyan haya, ina biyan kuɗin 'yan sintiri, ina ba yara masu baro kuɗin zubar da shara. A cikin ƙasata kuma a kira ni baƙuwa?

Baban Khalifa: 'Yata, ba zagi na yi ba. Maganar kwalbati nake yi.

Maman Ummi: Haba Alhaji, baƙon da da kuɗinsa aka ɗora bene a layin nan? Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, wa ya sayi ƙosai a nan? Ni tukunyar ɗanwakena kife ta na yi. Masu shagon fotokwafi rufewa suka yi, masu Keke Napep suka koma cikin gari neman fasinja. A lokacin ba wanda ya ce baƙi, addu'a aka yi ta yi su dawo.

Ɗan Layin Masallaci: To idan ba baƙi ba ne, su je sakatariya su karɓo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma mu gani.

Malamin Jami'a: Wannan takardar ai ita ce kaɗai aikin da sakatariyar taku ta iya. Ku duba jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne ƙarara. Jami'ar da kuke so ta ba da kaso, da me? Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, jami'o'i ke kuka da kuɗin wuta. Mu da muke koyarwa a ɗaki ba fanka, mu ne za mu yashe muku kwata?

Tsohon Kansila: Malam, a yi adalci. Na zauna a kujerar nan, na san yadda take. Kuɗin ƙaramar hukuma asusun haɗin gwiwa da jiha yake shiga. Kafin ya iso hannun ciyaman an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, an cire na ayyukan da jiha ta ce a yi tare. Abin da ya rage ko man tifa ba zai saya ba.

Malamin Jami'a: Ranka ya daɗe, ba Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba?

Tsohon Kansila: Ta yanke. Amma ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, shi zai ce wa gwamna a'a? A zaɓen Oktoban 2024 a Kano, NNPP ce ta kwashe duka kujerun ciyaman 44.

Ɗan Jar Hula: Ka ga irinta! Dama nan kuka dosa. Me ya sa ba ka ce a Kaduna APC ta kwashe duka 23 a watan ba? Lokacin da naku ke kan mulki kujera nawa kuka bar wa adawa?

Tsohon Kansila: Yaro, ba sa'anka ba ne ni. Ka iya bakinka.

Ɗan Jar Hula: Gaskiya ba ta da sa'a, Baba.

Ɗalibar Shari'a: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Ɗan Layin Masallaci: Ba za a janye ba. Baƙo ai ba zagi ba ne, baƙo raɓa ne. Kuna gama digiri za ku tattara ku bar mu da kwatarmu.

Maman Ummi: Kai kuma ɗakuna nawa babanka ya yanka a zauren gidansu ya zuba ɗalibai? Ko banɗaki ɗaya ya ƙara?

Baban Khalifa: Jama'a, hadari ya sake haɗowa. Kwalbatin fa?

Admin: To, abin ya isa haka, na rufe wannan zance. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan 'yan zaure sun yarda ɗalibai alheri ne ga unguwa, kuma kiran su baƙi bai dace ba. Ni kaina gidajen haya biyu nake da su, ban taɓa samun matsala da ɗalibi ba, don haka maganar wai masu gidaje ne suka jawo cunkoso ba ta da tushe. Malam ya kawo hujja daga tsarin mulki, laifin na ƙaramar hukuma ne, babu ruwan jami'a. Baban Khalifa ya ba ɗalibai haƙuri. Wanda ya sake kawo siyasar jam'iyya zan cire shi daga zaure.