Idan baitulmali ya bushe, a soke magani kyauta?

Alhaji Sale: Ni dai maganata ita ce, kyautar da babu kuɗi a bayanta yaudara ce. Farashin mai ya faɗi a ƙarshen 2014, a 2016 gwamnatin Chadi ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka zabge alawus ɗin ma'aikata, yajin aiki ya biyo baya. A lokacin jinyar gaggawa kyauta tana nan a takarda, ɗakin magani kuwa wayam. Gara tsarin Bamako na 1987: mara lafiya ya biya, a juya kuɗin a sayo wani magani.

Hajiya Mairo: Alhaji, da wane kuɗi zai biya, alhali matsin ne ya cinye aljihunsa? Zazzaɓin cizon sauro, idan an kama shi da wuri, ƙwayar kwana uku ce. Uwa ta rasa kuɗin kati, sai ta sayi rabin magani a tebur, ta jira. A kawo yaro yana jijjiga, tafin hannu fari fat. Yanzu sai allurar artesunate, a maimaita bayan awa 12 da awa 24, ga gado, ga neman jini. Wanne ya fi tsada?

Malam Idi: Kuma asusun juyawa ma yana mutuwa. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin sayo magani daga waje ya ninka. Cibiyar da ta sayar a tsohon farashi, rabin kaya kawai za ta iya mayarwa.

Alhaji Sale: Na ji. To wa zai biya kyautar?

Hajiya Mairo: Ba komai za a yi kyauta ba. A killace kuɗin haihuwa, yara ƙasa da shekara biyar, da rigakafi. Rigakafin ma ba allurar kaɗai ba: firjin da ke riƙe ta tsakanin digiri 2 da 8, da man babur na shiga ƙauyuka. Su ake fara yankewa don ba a ganinsu, sai ƙyanda ta ɓarke, kamar yadda ta yi a Chadi daga 2018. Ku duba cakin lafiya na arewacin Kamaru: mai ciki ta biya sefa 6,000, awo da haihuwa har tiyata sun shiga.

Malam Idi: Haka ne Hajiya, amma asibiti ne ke fara yin aikin, a biya shi daga baya. Biyan ya makara wata da watanni, bashin dillalan magani ya taru, sai ka ga an miƙa wa mai naƙuda takarda, mijinta ya je ya sayo safar hannu da zaren ɗinki.

Alhaji Sale: Ai kun dawo kan maganata ke nan.

Hajiya Mairo: A'a, Alhaji. Gyaran wannan shi ne a biya asibiti kan lokaci. Kai cewa ka yi a soke.