Baƙon tsiro ko ƙwaro: dangantaka da 'yan gida tana taimaka masa ko tana kashe shi?

Ɗalibar kimiyyar tsirrai, Zariya: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. A 1859 Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya kawo hujja biyu masu karo da juna. Baƙon da ke da dangi na kusa a sabuwar ƙasa zai fi dacewa da yanayinta, amma kuma shi da danginsa abinci ɗaya suke nema, don haka gasar za ta fi zafi. Har yau ba a raba gardamar ba: binciken Niyuzilan na 2002 ya nuna masu dangi sun fi kafuwa, na ciyayin Kaliforniya a 2006 kuma ya nuna waɗanda suka fi ɓarna su ne marasa dangi na kusa. Don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Manomin rani, Kura: Wa'alaikumussalam, ƙanwata. Ni sharon na sani, ƙwaron da ya cinye mana tumatir a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Daga Kudancin Amurka ya fito. Da yawanmu mun tumɓuke tumatir mun ƙone, muka ce yunwa za ta kashe shi. Ashe ya koma cikin gauta da wasu ciyayin bakin kwata waɗanda duk dangin tumatir ne. Ganyen gautata ya yi zane-zanen nan farare, sak irin na tumatir. Albasa da ke kusa ko kallonta bai yi ba. Muna dasa sabon iri ya dawo. Ba danginsa ya tarar a nan ba, dangin abincinsa ya tarar, kuma a ganina wannan ya fi haɗari.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Damaturu: 'Yata, dubi dogon yaro. Daga yankin Indiya aka kawo shi, kuma gidansu ɗaya da maɗacinmu; ɗanɗana ɓawon kowanne ki ji ɗacin. Na yi aikin renon dukansu biyu. Dogon yaro ba ya jiran kowa, jemagu da tsuntsaye su sha 'ya'yan su yar da ƙwallon, damina ɗaya ki ga ya tsiro a gindin kowace bishiya. Maɗaci kuwa ana sassaƙe ɓawonsa don magani, makiyaya su sare ganyen, masu katako su ƙarasa. To wa ya rage maɗaci, ɗan'uwansa ko gatarinmu? Ni dai ban taɓa ganin inda dogon yaro ya kori maɗacin da aka bari ya zauna lafiya ba. Wannan ke damuna da irin lissafin nan: ana auna dangantakar bishiyoyi a manta da hannun mutum.

Makiyayi, Diffa: Gaskiya ne, Baba. Mu nan ƙayar Prosopis ce, wadda aka kawo don tare hamada. A wajen N'Guigmi ta rufe inda tafkin Cadi ya janye, ta toshe hanyar jirgin ruwa da ta shanu. Awakina ke cin 'ya'yanta su watsa irin a kashinsu, ina gani ba yadda zan yi. An ce 'yar'uwar ƙirya ce, amma ƙirya sai ta shekara da shekaru kafin ta isa a sassaƙa turmi da ita.

Ɗalibar: Yaya, kan ƙirya: a 2022 masana sun raba su, kowacce aka ba ta sunan zuriyarta daban, domin gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna nisansu ya fi yadda aka zata.

Malamar gona, Funtuwa: Ni na ga ɓangaren da dangi ke jawo wa baƙo abokan gaba. Tsutsar masarar nan ta Amurka da aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016 tana da 'yan'uwa na kusa a nan tuntuni. Na tara ƙwayayenta daga ganyen masara na rufe a kwalba, sai ga ƙananan zanzaro baƙaƙe sun fito maimakon tsutsa, wato abokan gabar 'yan'uwanta na nan sun afka wa ƙwayayenta ita ma. Gonakin da ba a cika feshi ba na fi samun haka. Duk da hakan ta ci masara sosai, musamman wadda aka shuka a makare. Ƙanwata, in za ki zo ɗaukar samfuri, ki zo kafin masara ta yi bunti, kuma ki taho da kwalabe masu murfin yadi.