Musayar waƙa: Fada da aure

Ladi:
Ni 'yar Katolika ce, kada wani ya ce daga waje nake jifa.

Manzo Bitrus kansa yana da suruka,
Zazzaɓi ya kwantar da ita a ɗaka,
Yesu ya taɓa ta, ciwo ya sauka.
To wa ya hana Fada aure haka?
Sai 1139 aka ƙulle doka,
A taron shugabannin coci na Lateran mutane suka saƙa.

Bulus:
Yaya Ladi, bi a hankali,
Da ƙafarsa ya shiga makarantar Fada, seminari,
Ya ji sharaɗi, ya ɗau alkawari.
Tsakar dare in an kira shi, ba jinkiri,
Ba mata, ba ɗa, coci ce iyali.

Ladi:
Ƙanena, mai sunanka Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa
Gara aure da ƙuna da sha'awa.
Boston, 2002, asirin lalata da yara a coci ya tonu gaban kowa,
Kadinal Law ya sauka yana sunkuyawa.
Rahoton Faransa na 2021, ko ka ji ƙidayawa?
Yara 216,000 aka yi wa lalata tun 1950, ba mai cetowa.
Wanda ke wa'azin tsarki in ya zama abin gudu ga yara,
Da wane baki zai tsawata wa matasa?

Malam Sani:
Baƙo ne ni a zauren nan, ku yi mini afuwa.
Mu a Kano da azumi gwauro ba ya sakewa,
Nalako na bin sa da ganga har ya gaji da ɓuya.
Amma Ladi, gaskiya ɗaya ce:
Mai mata huɗu ma an kama shi da 'yar maƙwabta.
Aure ba ya wanke mugun hali.

Bulus:
Malam ya taɓo inda ke ciwo.
Bishop ya ji ƙara, ya rufe da murfi,
Ya ɗauke mai laifi, ya kai shi wani gari,
Can ma ya tarar da yara a makaranta.
Wannan rufa-rufar ce ta kashe mu, Yaya.

Ladi:
Na yarda da rabi, rabin kuwa a'a.
Maroniyawa, Kiristocin Lebanon, na ƙarƙashin Fafaroma,
Fadansu na da mata, yana kuma ba da jibi.
Bishop-bishop na Amazon sun roƙi a naɗa masu aure Fada a 2019,
Fafaroma Francis ya yi shiru, bai ce e ba.
Abin da ya halatta a Beirut, me ya haramta shi a Kafanchan?

Bulus:
Wannan baitin ya yi nauyi, Yaya. Bari in tambayi Fadanmu bayan ibadar Mass ranar Lahadi, in dawo miki da amsa.