Me za mu kira "nail art" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta fara koyon yi wa farata ado a gida, da kwalaben jan farce uku da tsinken sakace. Shekaranjiya ta ce min, "Yaya, ina so in ɗora bidiyo saboda masu koyo irina, amma me zan kira abin da Hausa?" Duk bidiyon da take kallo "nail art" ake cewa. Tun ranar nake juya maganar, na kuma tambayi mutane. Ga inda na tsaya.

Gwaggonmu ce ta fara ba da amsa: "ƙunshin farce." Kalmar tana da daɗi a kunne, amma ban yarda da ita ba, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Ƙunshi daga ƙunsa yake. Ana kwaɓa lalle, a shafa, a naɗe hannu da leda ko tsumma, a da ma har a zura shi cikin zunguru. Lalle rini ne, launinsa cikin farcen yake shiga, ba ya barin wani abu a sama. Shi ya sa ba ya goguwa sai farcen ya tsiro an yanke, kuma da yake farcen hannu kusan milimita 3 yake ƙaruwa a wata, sai ki ga jan ya yi watanni yana hawa sannu a hankali. Jan farce kuwa fenti ne. Yana bushewa ya zama wani siririn ɓawo a kan farcen, ruwa ba ya ratsa shi. Dalilin ke nan da malamai suke cewa sai an goge shi kafin alwala da wankan tsarki, mata da yawa kuma ba sa shafawa sai a kwanakin da ba sa salla. Idan muka kira duka biyun ƙunshi, yarinya 'yar shekara 13 za ta ɗauka hukuncinsu ɗaya ne. Wannan ya isa a raba musu suna.

Wata ƙawata ta ce "kwalliyar farce." Ba laifi, sai dai ta yi faɗi. Yanke farce, goge bakinsa, shafa masa mai, duk kwalliya ne. Mu bar ta ta zama sunan aikin gaba ɗaya.

Abin da na zaɓa shi ne zanen farce. Dama muna cewa zanen lalle, zanen fulawa, kuma abin da ya bambanta wannan aiki da shafa launi ɗaya kawai shi ne zanen: ɗigo-ɗigo, layi, ɗan fure. Mutanen Katsina, Sakkwato da Maraɗi su ce zanen akaifa, mai cewa ƙumba ya ce zanen ƙumba, kowa zai gane.

Wani malamin Hausa ya yi min gyara, wai ta yaya za a ce jan farce alhali shuɗi ne ko fari? Malam, da girmamawa, ai jan baki ma ba kullum yake ja ba, kuma ba wanda ya taɓa rikicewa. Ya fi "kotes" da wasu ke faɗa, wanda asalinsa sunan kaya ne, Cutex na Amurka, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu.

Sai ƙananan kalmomin da mai koyo ke bukata. Shafin farko marar launi, wanda ke hana farce rinewa, mu ce shimfiɗa. Na ƙarshe mai sheƙi da ke kare zanen, rufi. Ruwan da ake gogewa da shi, magogin jan farce. Yana busar da fata, a bi shi da man kaɗanya. Ƙarfen da ake yin ɗigo da shi na kira shi maɗigi, ko da yake tsinken sakace ko kan ashana suna yin aikin: ɗigo biyar a zagaye, ɗaya a tsakiya, fure ya fito. Layi madaidaici kuwa da salatif ake fitar da shi, dabarar da masu ƙunshi suka daɗe da sani. Sharaɗin kawai shimfiɗar ta bushe sarai kafin a manna, in ba haka ba salatif ɗin zai ɗago ta.

Akwai salon da ake shafa fari a bakin farce kawai, wanda ake jingina wa Faransa duk da a Amurka aka raɗa masa sunan "French manicure" a shekarun 1970. Na so in ce farin baki, sai na ga zai yi kama da maganar leɓe. Ƙanwata ta ce "farin goshi," tunda shi ne gaban farcen. Na bar mata, ta rubuta a kan bidiyon: Zanen farce ga masu koyo, darasi na 1, ɗigo da farin goshi.