Muhawara: A yanke roba ko a tura gilashi da ƙafa?

Mai Beetle: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake. Shekara biyu ke nan ina tayar da Volkswagen Beetle ɗina ƙirar 1971. An gama inji, an zo kan bodi, sai ya zama dole a cire gilashin gaba saboda tsatsar da ta ɓuya a ƙarƙashin robar da ke riƙe da shi. Na ce wa yaron gareji ya sa wuƙa ya yanke leɓen robar, gilashi ya fito salin-alin. Ya ce a'a, robar da sauranta. Ya kwanta a kujera, ya kafa ƙafafu biyu ya tura. Ji kake ƙas! Tsaga tun daga kusurwar sama har ƙasa. Gilashin asali, wanda ya haura shekara 50 a jikin motar. Ni dai na ce duk wanda ya tura gilashin tsohuwar mota da ƙafa don ya ceci roba, bai san aikinsa ba.

Mai gilashi: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma tsagewa ya yi, bai ruguje ba? To ba na asali ba ne. Gilashin gaba iri biyu ne a tsofaffin motoci. Akwai gasasshe, irin mai tambarin Sekurit, wanda in ya fashe sai ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Akwai kuma mai ninki biyu da leda a tsakani, shi ne yake tsagewa ya tsaya a wurinsa. Naka wani ya taɓa canza shi.

Mai Beetle: Malam, ni na san motata.

Dattijo: Ɗana mai gilashi, ka yi gaggawa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka mai ninki biyu ake sa musu tun daga kamfani, dokarsu ce ta tilasta. Shi mai ninkin ma ba baƙo ba ne, wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, ya yi masa rajista tun 1909. Tsagewa kaɗai ba ta isa hujja ba.

Mai gilashi: Baba, wa ya ce motarsa ta Amurka ce? Ya ɗauko hoton tambarin da ke kusurwar gilashin mu gani.

Mai fenti: Wai me ake nufi da asali ma? Motar da za a kankare ta har ƙarfe, a yi mata walda, a fesa sabon fenti, ina asalin ya rage? Ku daina bauta wa kalma.

Dattijo: Fenti riga ce, ana sauya ta. Gilashi da lambar inji da lambar bodi su ne shaidar mota. Mai saye da ya san abin da yake yi, su yake fara dubawa.

Mai fenti: Riga? Aikina ka kira riga, Baba? Ba don mu ba wa zai ce a cire gilashin ma? Masu ganda ne suke manna takarda a bakin roba su fesa, bayan wata shida fenti ya fara ɓarewa daga nan, tsatsa kuma tana ci a ƙasa.

Makanike: Ni zan yi magana saboda an taɓa 'yan gareji. Turawa daga ciki hanya ce da aka sani, ba yaron ya ƙirƙiro ta ba. Ana fara saki leɓen roba ta ciki kaɗan-kaɗan, a fara daga kusurwar sama, tafin ƙafa a shimfiɗe, mutum ɗaya yana waje yana tarba. Na cire sun fi a ƙirga haka.

Mai gilashi: Oga, nawa ka fasa a ciki? Robar da ta shekara 50 ta bushe ta zama itace, ba ta lanƙwasa. Ko ka cece ta, ba za ta bi igiyar da ake jan leɓenta da ita ba ranar mayar da gilashi, kuma ruwa za ta riƙa zubarwa.

Makanike: Ku masu gilashi ai gam da wayar yanke shi kuka iya, irin na motocin yanzu. Rabonka da zagaya igiya cikin roba ka shafa ruwan sabulu tun yaushe?

Mai gilashi: Da igiya na koyi aiki, tun kana wanke sifana.

Mai Peugeot: Duk wannan a kan gilashin Beetle da yake kusan shimfiɗaɗɗe kamar na taga? Sai a samfurin da ake kira 1303 suka samu mai lanƙwasa sosai. Ku zo ku cire na 504 ku ga aiki.

Dattijo: Motar da aka yi ta ƙerawa har 2003 a Meziko ba a raina ta, ƙanena.

Mai Peugeot: Shi ya sa gilashinta ba ya wuyar samu. Ya sayi wani kawai.

Mai Beetle: Jama'a, ba wannan na kawo ba. Tambayata ita ce yankewa ko turawa.

Mai fenti: Ni dai Baba ya janye kalmar riga tukuna.

Makanike: Bari in tattara zancen tunda dare ya yi. An nuna cewa gilashin ba lallai na asali ba ne, don har yanzu ba mu ga tambari ba. An yarda turawa da ƙafa hanya ce ta masu aiki, babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe ta. An kuma ce gilashin yana samuwa. Saboda haka yaron ba shi da laifi, ƙaddara ce, Alhaji ya yi haƙuri.

Mai gilashi: Wa ya yarda? Ni ban yarda ba, Oga.

Mai Beetle: Gilashin yana jingine a gareji. Gobe da safe in Allah ya kai mu zan ɗauko hoton tambarin. Robar kuma da aka yi wahalar dominta, ta tsinke gida uku a hannun yaron.