Muhawarar zauren unguwa: magajin gari ya biya makaɗa su fito titi?

Laminu: Jama'a, ina nan kan bakata. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta ware kuɗi, duk yammacin Asabar a ajiye masu gurmi da kalangu a bakin babbar kasuwa da unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, kowa ya saurara kyauta. Faransa ta fara bikin kiɗa na 21 ga Yuni tun 1982, lokacin minista Jack Lang, yau ga shi har Nijar ana yi.

Malam Isufu: Laminu, kuɗin da ba su isa yashe magudanan ruwa ba kafin damina? Kuma wannan baƙon abu ne.

Hajiya Rabi: Baƙo a ina, Malam? Kai ba ka yi tashe ba kana yaro? Goma ga azumi yara na fitowa da gwangwanaye da gemun auduga, gida-gida, a ba su hatsi ko dala biyar. Mahauta da kalangunsu fa? Kakaki da algaita a ƙofar fada fa? Titi ne dandalinsu tun kakanni.

Malam Isufu: To kin ba ni hujja, Hajiya. Wa ya biya 'yan tashe daga baitulmali? Jama'a ke riƙe da makaɗinsu. Ranar da hukuma ta fara biya, ita za a dinga yi wa kirari.

Laminu: Yanzu ma ai mai kuɗi kawai ake wasawa. Maƙwabcinmu mai gurmi ne, tsoho, sai a shafe wata biyu ba a kira shi biki ba, don DJ ya fi araha. Fatar gurmin ta tsage, ya rataye shi a ƙusa, yana tallan goro.

Zulai: Allah sarki. Ni dai lasifika ce matsalata. In kiɗan hannu ne, bismilla. Amma a kafa manyan akwatuna gab da magariba, ga masallaci, ga ɗalibai na haddar jarrabawa a watan Yuni, a'a.

Habu kabu-kabu: A Birmingham ta Ingila, 2008, piyano aka jera a tituna, duk mai so ya zauna ya kaɗa. A gwada nan mu gani, kwana biyu akuya ta haihu a ƙarƙashi 😂

Hajiya Rabi: Habu, Allah ya shirye ka.

Malam Isufu: Lokacin Maradi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da aka yi nan a 2015, an yi kiɗa an yi rawa. Bayan 18 ga Disamba wa ya sake leƙa makaɗan? Abin hukuma na kwana ɗaya ne.

Laminu: Shi ya sa na ce duk Asabar, Malam, ba shekara-shekara ba.

Zulai: Yaya Laminu, tsohon nan fa, nawa ne gyaran gurmin? Zan sa jaka ɗaya.

Malam Isufu: Wannan kam ina ciki. Amma ban sauka daga maganata ba.